Takardar Koke Ga Mai Girma Hakimi Kan Saran Da Aka Yi Wa Ɗalibi Da Ɗakin Kwamfutar Da Ke Kulle A Makarantar Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Girma Dagaci da Masu Unguwanninmu,
Birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, muna miƙa gaisuwar ban girma irin wadda ta kamaci ɗa ga mahaifinsa. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, ya zaunar mana da ƙasar Kano lafiya. Mu talakawanka ne: iyaye maza da mata, limamanmu, malaman Islamiyya da dattawan kwamitin unguwa. Mun san hidimar jama'a ta yi maka yawa, kuma ba tarbiyyarmu ba ce mu riƙa damun manya da takarda. Amma abin da ya faru daren Talatar da ta wuce ya kai mu bango, kuma ba mu da uban da za mu kai wa kuka sai kai.

Allah ya taimake ka, wani yaronmu ɗan aji shida na sakandare, maraya, wanda mahaifiyarsa ke riƙe da gida da sana'ar ƙosai, ya tafi kafe, wato shagon da ake biya a yi amfani da kwamfuta, a bakin titi bayan Magariba don ya gwada amsa tambayoyin JAMB a kwamfuta. Ba yawo ya fita ba. Da dare ne mai kafen ke tayar da inji, kuma lokacin ne layi ke raguwa. Yana dawowa bayan Isha'i wasu samari suka tare shi a lungun bayan makaranta, suka ce ya ba da waya. Wayar ta yayarsa ce ya aro, amma layin da ke ciki nasa ne, wanda ya yi rajistar jarrabawa da shi. Ya roƙe su da Allah su bar masa layin su tafi da wayar. Amsar da suka ba shi ita ce wuƙa. Suka sare shi a hannun dama, suka bar shi kwance cikin jini, sai masu dawowa daga masallaci ne suka kwashe shi zuwa Asibitin Murtala. Mun gode Allah da ya bar shi da rai. Yanzu yana gida da ɗinki a hannun da zai rubuta jarrabawa da shi, uwarsa ta ajiye kaskon suya tana jinya, ga zirga-zirgar neman a dawo masa da layi, domin duk saƙon hukumar jarrabawa ta wannan layin yake zuwa.

Abin da ya fi ci mana rai, ranka ya daɗe, shi ne wurin da aka zubar da jinin yaron nan. A gindin tagar ɗakin kwamfutar makarantarsu ne. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da kwamfutocin da aka kawo da sunansa da sunan 'yan'uwansa, waɗanda da yawanmu mun halarci bikin buɗe su, aka yanka zare, aka ɗauki hotuna. Shekaru ke nan ƙofar tana garƙame. Idan mun tambaya, yau a ce babu wuta, gobe a ce babu kuɗin mai, jibi a ce an yi wa malamin canjin wurin aiki ba a turo wani ba, wani lokaci kuma a ce tsoron ɓarayi ake yi. Ƙura da gizo-gizo ne ke amfana da su. Yaranmu kuwa a allo ake zana musu kwamfuta da alli, su kwafa a littafi, su haddace sunayen sassanta, su ci jarrabawar aji, alhali yatsansu bai taɓa taɓa madannai ba. Ba malaman muke zargi ba, mun san da yawansu suna iya bakin ƙoƙarinsu da abin da suka samu a hannu. Amma dai akwai wanda mukullin nan yake aljihunsa, kuma akwai wanda ya isa ya ce a buɗe.

Yallaɓai ya fi mu sanin inda zamani ya dosa. Tun shekarar 2015 JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir baki ɗaya. Yaro zai zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi 180 cikin awa 2, agogo yana tafiya a gaban idonsa. Wanda ranar ce farkon zamansa a gaban na'urar, kafin ya gane inda zai danna ya wuce tambaya ta gaba, kafin hannunsa ya daina rawa, lokaci ya ci rabinsa, ko da kuwa shi ne zakaran ajinsu a lissafi. A sakamakon farko na 2025, fiye da ɗalibai miliyan 1.5 daga cikin kimanin miliyan 1.9 ba su kai maki 200 cikin 400 ba a faɗin ƙasar nan. WAEC ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu rubutawa da kansu, ba ta hannun makaranta ba, tun 2024, sannan a 2025 Ministan Ilimi na Tarayya, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da cewa WAEC da NECO za su koma kwamfuta daga 2026. Ɗan mai hali da ke makarantar kuɗi a Nasarawa ko Bompai tun firamare yake wasa da na'urar nan. Da shi za a auna ɗan mai ƙosai a sikeli ɗaya, a nemi gurbi ɗaya a Jami'ar Bayero. In ya faɗi kuma a ce 'ya'yan talakawa ba sa karatu. Wannan maganar tana yi mana ciwo, domin mun ga yadda suke kwana da littafi.

Na maza ma ke nan. 'Ya'yanmu mata ba ma a maganarsu, don babu uban da zai bar 'yarsa budurwa ta tafi kafe da dare ta cuɗanya da samari, kuma bai yi laifi ba. Muna jin labarin shirin AGILE na ilimin 'yan mata da Bankin Duniya ke tallafa wa, wanda Kano na cikin jihohin da aka fara da su, kuma koyar da 'yan mata ilimin na'ura na cikin ayyukansa. Muna roƙo a bincika mana yadda 'ya'yanmu za su sami rabonsu a ciki.

Sannan ga tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin zama a kafe yake hawa, a farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Wasu malamai yanzu ta WhatsApp suke turo aikin gida da tsoffin tambayoyi, da kyakkyawar niyya. To amma gidaje nawa ne a lungunanmu suke da babbar waya fiye da ɗaya? Maigida ya fita da ita Kantin Kwari ko Singa tun safe, sai dare zai dawo, batir ya mutu, a aiki yaro wajen mai caji, a wannan duhun dai da ake tare mutane. Waɗanda iyayensu suka ƙuƙuta suka saya musu waya a Farm Centre kuma wata damuwar ce daban: TikTok har asuba, cacar ƙwallo, zaurukan da ake yaudarar yara da sunan sayar da amsar jarrabawa, da masu kwafo aikin gida daga ChatGPT su miƙa ba tare da sun karanta ba. Mun yi doguwar muhawara a ƙofar masallaci, wasu dattawanmu suna ganin a raba yara da waya kawai a huta. Mun fahimci tsoronsu. Sai dai in an raba su da ita ba a raba su da jarrabawar ba. Abin da muka tsaya a kai shi ne yaro ya koyi abin nan da rana, a cikin makaranta, malami yana tsaye a kansa.

Ba yau muka fara ba, ranka ya daɗe. Mun zauna da shugabannin makaranta, mun tayar da maganar a taron iyaye da malamai har an gaji da mu, kwamitin kula da makaranta ya rubuta, mu ma mun rubuta, mun bi ofisoshin da abin ya shafa, an karɓi takardunmu an buga musu hatimi. Lokacin neman ƙuri'a an zo har ƙofar gidajenmu an yi alkawarin sola. Kullum amsar ɗaya ce: za a duba. Ana cikin dubawar aka sare mana ɗa.

Ba ma butulci. Mun ji daɗi da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, mun ga gyaran azuzuwa a wurare da dama, kuma mun yi alfahari da Kano ta zo kan gaba a sakamakon NECO na 2025. Muna dai cewa alherin bai ƙaraso ƙofar ɗakin nan ba tukuna.

Don haka muke durƙusawa gabanka muna roƙo, don Allah don Annabi, ka sa baki a buɗe ɗakin nan. A kirawo mai gyara ya tantance kwamfutoci masu rai da matattu a gaban wakilinka da wakilan iyaye, a rubuta adadinsu, don mu san abin da ya rage. A sa masa sola da batura, tunda jiran wuta ya zama jiran gawon shanu. A turo malamin kwamfuta, kafin nan kuma a nemo mana 'yan hidimar ƙasa; akwai ma 'ya'yan unguwa da suka karanta fannin a jami'a, sun ce za su koyar kyauta in an ba su izini. Muna roƙon a riƙa buɗewa daga La'asar zuwa kafin Magariba da ranakun Asabar, a ware wa 'yan mata ranakunsu da malama mace. In tsoron ɓarayi ne, mu iyaye mun yarda za mu yi karo-karo mu biya maigadi. Akwai darussa kyauta a manhajar Nigeria Learning Passport da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, ba abin da ya hana yaranmu cin moriyarsu sai wurin zama da wuta.

Muna kuma roƙon ka isar da kukanmu ga Shugaban Ƙaramar Hukuma da Ma'aikatar Ilimi, ka rubuta wa hukumar NITDA da asusun USPF na hukumar sadarwa, waɗanda samar wa makarantu kayan na'ura yana cikin aikinsu. Takardar da ta fito daga fadarka ba za a jefa ta a durowa kamar tamu ba. Masu hannu da shuni na wannan gunduma ma, in kai ka kira su za su amsa.

Sai maganar lungun. A sa masa fitila, a ƙarfafa 'yan sintirinmu, a roƙi 'yan sanda su riƙa leƙowa tsakanin Magariba da ƙarfe goma. Waɗanda suka yi wannan ɗanyen aiki ba daga sama suka faɗo ba, ba za su gagari Masu Unguwanni ba. A kamo su, kuma idan an kama kada wani babba ya bi dare ya karɓo su, don mun gaji da ganin wanda aka kama da safe yana zaune a bakin kwata da yamma. A taimaka wa uwar yaron da kuɗin magani, a kuma tsaya masa har layinsa ya dawo kada jarrabawar ta wuce shi.

A ƙarshe muna sake maimaitawa, ka yi mana afuwa in mun cika nanatawa: a buɗe ɗakin nan kafin jarrabawa ta ƙarato. In da hali muna roƙon ka tako da kanka ko ka turo wakili, a buɗe ƙofar a gabansa ya gane wa idonsa. In akwai kalmar da ta yi kaushi a takardar nan, zafin abin ne, ba raini ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka ɗaukaka, ya ba ka ikon share mana hawaye. Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyayen ɗalibai, limamai, malaman Islamiyya da dattawan kwamitin unguwa,
a madadin ɗaukacin mazauna unguwa.