Karen teku ba kifi ba ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi gyara kan shirin kimiyya da kuka gabatar makon jiya, inda mai gabatarwa ya lissafa karen teku, wanda wasu ke kira sil, a cikin manyan kifaye. Shirin ya yi armashi, amma wannan kalma ta tsaya mini a rai. Duk wanda ya ɗauke shi kifi, zai zaci ruwa kaɗai ya ishe shi rayuwa, kuma daga nan ne ake fara cutar da shi.

Dabba ce mai shayarwa, kamar ayu. Da huhu yake numfashi, jikinsa da gashi, kitse mai kauri a ƙarƙashin fata ke kare shi daga sanyi. In ya yi nitso sai bugun zuciyarsa ya ragu ƙwarai, jini ya tattaru ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Nau'in nan mai hanci irin na giwa yana iya nitsewa fiye da mita 1,500 da numfashi ɗaya. Duk da wannan baiwa, in haihuwa ta zo dole uwa ta fito kan tudu ko kan ƙanƙara. A arewacin tekun Atlantika akwai wadda kwana 4 kacal take shayarwa, nononta kusan kashi 60 cikin ɗari kitse ne, sai ta yaye ɗan ta koma ruwa. In ƙanƙarar ta narke kafin lokaci, ina za ta haihu?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirin bai ambaci na Afirka ba. A Ras Nuwadibu, wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin tekun Atlantika, bakin iyakar Muritaniya da Yammacin Sahara, akwai garke mafi girma da ya rage na karen tekun Bahar Rum, nau'in da duk duniya bai wuce dubu ɗaya ba. Da can a fili suke kwanciya kan yashi suna shan hantsi. Mafarauta suka yi ta kashe su don mai da fata, masunta ma suna ganin su a matsayin masu ɓata musu koma, har suka gudu suka koma haihuwa cikin koguna. Kogo kuwa ba wurin goyo ba ne. Jaririn yakan zo baƙi wuluk da farin tabo a ciki, bai gama iya iyo ba. Igiyar ruwa ta shigo da ƙarfi, ta maka shi da dutse, ko ta ja shi waje ta raba shi da uwarsa, yunwa ta ƙarasa shi.

A 1997 annoba ta auka wa garken, kusan kashi biyu cikin uku suka mutu cikin 'yan makonni, saura ɗari da 'yan kai. Maganin da aka yi bai da wani tsada: aka keɓe gaɓar, aka hana shimfiɗa koma a bakin kogunan, aka sa masu gadi da kyamarori, aka kuma zauna da masunta aka yi magana da su. Yau sun haura 300, har an ga uwa ta sake haihuwa a fili kan yashi. A 2023 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sassauta matsayin nau'in a jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

Ɗan'uwansu na yankin Karibiyan bai samu wannan gata ba. Rabon da a gan shi tun 1952, kuma a 2008 hukumomin Amurka suka tabbatar ya ƙare ƙurmus. Man jikinsa ne ya ja masa.

Don Allah, Edita, a gyara kalmar a shiri na gaba. In da hali kuma, a tura wakili Nuwadibu ya ji ta bakin masuntan da suka yarda suka janye komarsu daga bakin kogunan, mu ji me suka rasa, me kuma suka samu.

Wassalam,
Mai sauraronku a kullum