Baƙonku Ya Cika Dam da Baki, Wa Zai Kwana a Ruwan?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na rediyo na daren Lahadi, wanda kuka yi a kan shaƙatawa a madatsar ruwa ta tare ambaliya, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ba yabo na zo yi ba. Kun bar baƙon nan yana ta zuba tun daga farko har ƙarshe, daga kwale-kwale ya koma fatsa, daga fatsa ya koma hawan keke da kallon tsuntsaye, amma ko sau ɗaya bai faɗi dalilin da ya sa aka gina madatsar ba. Da na yi haƙuri da wannan. Sai ga shi ya rufe da cewa wai asara ce a bar kwarin dam a bushe, gara a toshe ƙofofi a cika shi ya batse rani da damina don a jawo masu yawon buɗe ido. Mai gabatarwa kuma ya amsa masa da "gaskiya ne". Wallahi da na ji wannan "gaskiya ne" sai da na miƙe tsaye.

Ba gaskiya ba ne, ranka ya daɗe. Ni na yi aikin duba ma'aunin ruwa a madatsa irin wannan a bayan wani birni har na yi ritaya, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Dam ɗin da aka gina don tare ambaliya amfaninsa yana cikin zamansa ba ruwa a ciki. A gindinsa akwai mafita da aka auna ta daidai da abin da kogin da ya ratsa gari zai iya ɗauka. In aka tsuge da ruwa a sama, abin da mafitar ta iya saki ya wuce, sauran ya taru a baya ya jira, a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan kwana da kwanaki, wani lokaci har makonni. Tulun da ya riga ya cika me za a ƙara masa? Duk ruwan da aka ajiye don kwale-kwale ya yi yawo, wurin ruwan ambaliya ya cinye. Kuma abin da ya fi tayar mana da hankali a aikin nan shi ne ruwa na biyu ya sauko na farko bai gama fita ba. Ga laka da yashi da kogi ke kawowa kowace shekara suna zaune a ƙasa suna rage wurin, ba wanda ya gayyace su.

Da rani in ka zo wurinmu sai ka rantse ba a taɓa ganin ruwa ba. Samari na buga ƙwallo, iyaye na zagaye da yara, dattawa na zaune da fatsa a bakin ɗan tafkin da ke saura a tsakiya. Ni kaina na ji daɗin wurin, 'ya'yana a nan suka koyi keke. Amma akwai safiyar da aka kira mu aka ce an kwana ana ruwa a kan duwatsu can nesa, mu kuwa ko ɗigo bai sauka mana ba, rana ma ta fito tarwai. Muka rufe ƙofar shiga. Sai ga wani mutum da iyalinsa a mota mai kyau, ya leƙo ya ce mini, "Baba, ina ruwan yake?" Na ce, "Yallaɓai, yana hanya." Ya yi dariya, ya zagaya ta wata ɓarauniyar hanya ya shiga, ya ajiye motar a gindin bishiya suka tafi yawo a ƙafa. Kafin azahar ruwa ya yanke hanyar da ya bi. Kafin la'asar sandar sama ta ragar ƙwallo kaɗai ake hangowa, da magariba ita ma ta ɓace. Mutanen mun fito da su ta kan ganuwar dam ɗin, matar na kuka, takalman yaran a hannu. Motar kuwa sai da ruwa ya janye aka jawo ta, laka har kan sitiyari. Ruwan nan ba ya zuwa da ruri kamar yadda mutane ke zato. Shiru yake tasowa ta cikin ciyawa, kana tsaye kana hira sai ka ji sanyi a idon sawu.

Dare irin wannan mu ba ma barci. Tocila a hannu, rigar ruwa a jiki, kowace awa ka gangara ka karanta lambar da ruwa ya kai a jikin ma'auni, ka rubuta a rajista, ka buga wa injiniya. Shi kuma yana can yana lissafin ko a ƙara buɗe ƙofa a jiƙa mutanen ƙasa, ko a riƙe a jiƙa na sama. Duk wadda ya zaɓa akwai wanda zai tsine masa da safe. Baƙonku da ke son a cika dam ya taɓa tsayawa a kan ganuwa ƙarfe uku na dare yana kallon ruwa na hawa lamba bayan lamba?

Sannan maganar iyo da ya yi ta kwaɗaita wa yara. Malam Edita, na taɓa riƙe igiya ana ciro gawar wani yaro daga jikin ƙarafunan da ke tare shara a bakin mafita. Saman ruwan lumui yake, amma a ƙasa ja yake yi da ƙarfin da gwanin ninƙaya ma ba ya iya ƙwacewa. Ga itatuwa da shingen waya da ruwa ya rufe, ba ka ganinsu sai sun kama ka. Ruwan ambaliya kuma ba ruwan wanka ba ne, duk abin da ya kwaso daga kwatoci da masai da gonaki yana ciki. Bayan ya janye sai ka ga fasassun kwalabe, mushen dabbobi, da macizan da suka gudo suka maƙale a bishiyoyi da ƙarƙashin benci. Minti ɗaya na shirinku bai tafi a kan wannan ba. Uban yaron nan har yau in na tuna yadda ya zauna a ƙasa bai ce uffan ba sai jikina ya mutu.

Kada a ce ina ƙin shaƙatawa. Filin da ruwa zai hau 'yan kwanaki a shekara, ko ma a yi shekaru bai hau ba, ai babu abin da ya dace da shi kamar filin wasa da wurin shan iska, domin ciyawa ba ta ƙarar kowa in ta jiƙe. A Yokohama ta Japan, filin da Barazil ta ci Jamus a wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya a 2002 a cikin kwarin tare ambaliyar kogin Tsurumi yake, an ɗora shi a kan ginshiƙai don ruwa ya shiga ta ƙarƙashi. Da guguwar Hagibis ta zo a watan Oktoba na 2019 ruwa ya shiga kwarin kamar yadda aka tsara, washegari kuma aka buga wasan zari-ruga tsakanin Japan da Sikotilan a filin. A Vienna ta Ostiriya an haƙa wa kogin Danube hanya ta biyu tsakanin 1972 da 1988, ƙasar da aka tono ta zama tsibiri mai tsawon kilomita 21, mutane na iyo da tuƙin kwale-kwale a wurin. Amma ranar da kogi ya kawo aka buɗe ƙofofi, an hana shiga ruwan ke nan, kuma ba wanda ke jayayya da mai gadi. Ko tafkunan Denver ta Amurka da baƙonku ya yi ta misali da su, bai gaya wa masu sauraro cewa ɗaya daga cikinsu, dam ɗin Chatfield, an gina shi ne bayan ambaliyar 1965 ba, kuma ruwan da ake yawo a kansa ɗan kaso ne a ƙasa, sama da shi an bar makeken wuri fayau yana jiran ranarsa. Ya nuna muku kwale-kwalen, ya ɓoye muku sararin.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san inda irin wannan magana ke kaiwa, don a gabana aka yi. Da farko aka ce wurin ya yi kyau, a bar masu sayar da kaya su kafa rumfuna. Rumfa ta zama kwantena, kwantena ta zama ginin bulo. Sai wani ya ce ai ruwa ya daɗe bai kawo nan ba, aka yanka filaye a gefen kwarin, aka tallata su da cewa gida ne mai kallon lambu. Mun rubuta takarda, mun sake rubutawa, muka nuna alamar da ruwa ya bari a jikin bango sama da kan mutum. Aka ce mu ƙananan ma'aikata ne, mu tsaya a kan rajistarmu. Daga ranar da aka yi gida na farko a wurin, injiniya ya daina tunanin gari kaɗai, ya koma tunanin kada ruwa ya taɓa gidan wane.

In kuna ganin wannan halin ƙasashe marasa tsari ne, ku dubi Houston ta Amurka. Bayan ambaliyar 1929 da ta 1935 injiniyoyin sojan ƙasar suka gina madatsu biyu a yammacin birnin, Barker a 1945 da Addicks a 1948. Yawancin lokaci a bushe suke, cikinsu wuraren shaƙatawa ne da filayen wasa da hanyoyin keke. Sai dai ƙasar da gwamnati ta saya ba ta kai iyakar inda ruwa zai iya kaiwa in dam ya cika ba, aka yi ta gina unguwanni a ragowar, da yawa daga masu sayen ba su san a cikin tafki suke kwana ba. Da guguwar Harvey ta zo a watan Agusta na 2017, ruwan sama ya haura mita ɗaya a wasu sassan cikin 'yan kwanaki, dubban gidaje a bayan madatsun suka nutse, aka kuma buɗe ƙofofi ruwa ya shiga gidajen da ke ƙasa. A watan Disamba na 2019 kotun tarayya ta ce gwamnati ce ke da alhakin ɓarnar da aka yi wa mutanen sama. To, hukuncin kotu ya busar wa wa da katifa? A Derna ta Libiya kuwa madatsu biyu da aka gina a shekarun 1970 don kare birnin ne suka fashe a watan Satumba na 2023 bayan an daɗe ba a gyara su ba, mutum fiye da 4,000 suka rasu. Wanda ya saba ganin dam a matsayin wurin ɗaukar hoto ba zai taɓa tambayar yaushe rabon da a duba tsagar da ke jikinsa ba.

Af, tun da na riga na fara, ku yi wa Allah ku rage kiɗan nan da kuke sakawa a ƙarƙashin magana. Mu da kunne ya fara nauyi sai mun manna rediyo a kunci kafin mu tsinci abin da ake faɗa, kuma da an zo wurin lambar waya sai mai karantawa ya sheƙa da gudu kamar ana korarsa. Daren Lahadin nan na so in kira, ban samu na rubuta lambar ba.

Abin da nake nema a wurinku ba shi da yawa. Ku sake shirin, ku kawo injiniyan ruwa ko ma tsohon mai gadin dam ku zaunar da shi kusa da baƙon naku. A tambayi baƙon, in an cika kwarin don kwale-kwale, ina ruwan damina zai je, kuma unguwar wa zai fara shiga. A gaya wa iyaye cewa in sun ga an rufe ƙofa rana na haske su juya, kada su nemi ɓarauniyar hanya. A gaya wa yara su nisanci bakin mafita ko da ruwan ya yi kwance. A gaya wa mai shirin sayen fili kusa da irin wannan wuri ya nemi taswirar iyakar ruwa kafin ya biya, in an ce babu ya riƙe kuɗinsa. Mai gabatarwa kuma, don Allah ɗana, ka daina ce wa kowane baƙo "gaskiya ne". Mutane da yawa daga bakinka suke ɗaukar magana, cikinsu har da masu sa hannu a takardar fili.

Ina jiran in ji kun karanta wannan a filin wasiƙu, kuma kada a yanke wurin yaron nan.

Wassalam.

Naku,
Tsohon mai duba ma'aunin ruwa, mai sauraronku kullum.