Muryar mezzo-soprano da ƙurar hunturu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina da jan hankali ga 'yan matanmu na Garwa da Marwa a Kamaru masu koyon waƙar opera (wasan kwaikwayon Turawa da ake yi da waƙa) da muryar mezzo-soprano, wadda take ƙasa da soprano (muryar mata mafi tsayi), faɗinta wajen oktaf biyu (kowane oktaf matakan sauti takwas ne).

A opera babu makirfo. Numfashi daga ciki da buɗewar haƙarƙari ke ɗaga murya sama da makaɗa. Wadda ta matse maƙogwaro za ta dishe tun wasa bai yi nisa ba. Hunturunmu kuwa yana busar da tantanin murya. Ruwan da aka sha ba ya taɓa tantanin kai tsaye, sai ya ratsa jiki, don haka a sha tun sa'o'i kafin atisaye. A shaƙi tururin ruwan zafi minti 10, a ɗumama murya minti 15, a bar kakin majina da ƙarfi, yana goge tantanin.

Kowacce rawar Carmen take hari, jarumar operar Faransanci mai wannan suna wadda Bizet, mai tsara kiɗa ɗan Faransa, ya fitar a 1875, tunda Faransanci a bakinmu yake. Amma wannan garaje ne. Carmen tana son ƙasan murya mai kauri, shi kuma sai da shekaru. A fara da Cherubino na operar Italiyanci Auren Figaro ta Mozart, rawar saurayi da mace ke takawa, ko da za a sha wuyar Italiyanci.

Naku,
Malamin waƙa, Garwa