Titin kankare: a sa ido kan ruwan kwaɓi

Assalamu alaikum Edita. Don Allah ka ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan titin kankaren nan da ministan ayyuka David Umahi ya dage a kai tun hawansa a 2023. Ni dai ban ƙi ba, siminti namu ne, ga masana'antunsa a Obajana da Ashaka da Sakkwato, kwalta kuwa sai an saka dala an shigo da ita.

Amma fa na yi shekaru ina aikin gini, kuma wallahi abin da na ga yana kashe kankare ruwa ne, tun kafin a zo maganar satar siminti. Buhun siminti ɗaya mai kilo 50, in aikin titi ne, ruwansa bai kamata ya wuce lita 20 zuwa 22 ba, wato ko jarka ɗaya bai cika ba, kuma in yashin jiƙaƙƙe ne sai an ƙara ragewa. To amma lebura rana ta dake shi, kwaɓi ya yi tauri shebur ba ya shiga, sai kawai ya jawo tiyo ya malala har ya koma kamar kunu, aiki ya yi sauƙi kowa na murna, alhali in ruwan nan ya bushe ƙananan ramuka yake bari a ciki, bayan damina biyu tirela ta bi ta kai sai ka ga yana tsagewa. Na taɓa yin magana a wani wurin aiki aka ce tsoho ya cika surutu.

Abin haushin, ruwan da aka yi almubazzaranci da shi wajen kwaɓi shi ake yi wa rowa bayan an zuba. Kankare na son a lulluɓe shi da buhunan algarara a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, balle a zafinmu na bazara ko iskar hunturu, kuma sai kwana 28 ake auna ƙarfinsa. Yashi ma in da laka a ciki ko an ƙara siminti asara ce, kuɗi ne kawai ke tafiya.

Tunda yanzu hanyar Abuja zuwa Kaduna ma da kankare ake zuba ta, ina roƙon ma'aikatar ayyuka ta riƙa fito mana da sakamakon gwajin kwana 28 na kowane sashe, ku kuma 'yan jarida ku buga mu gani.

Naku,
wani tsohon magini daga Zariya