Iyayen 'Yan Uku Sun Fi Buƙatar Taimako Ranar Jinya Fiye da Ranar Suna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan halin da nake ciki yau shekara biyu da rabi, wato renon 'yan uku tare da yayarsu, musamman idan rashin lafiya ta shigo gida. Duk sa'ad da aka ji wata baiwar Allah ta haifi 'yan uku, sai ka ga labari ya bazu, masu hannu da shuni da masu riƙe da muƙamai sun kai buhun shinkafa da turamen atamfa da gwangwanayen madara, an ɗauki hoto, daga nan kuma sai shiru. Mu ma an yi mana irin wannan alheri, muna godiya har gobe, Allah ya saka musu. To amma wahalar gaske ba a makon suna ta same mu ba, ta zo ne bayan yaran sun fara rarrafe suna kai duk abin da suka tsinta baki, yayarsu kuma ta shiga firamare tana dawo mana da mura da tarin da ke yawo a aji.

A gidan da ke da yaro ɗaya, idan mura ko gudawa ta kama shi, cikin mako guda an wuce wurin. A gidanmu ciwo bi da bi yake yi: wannan na samun sauƙi wancan na kwanciya, kafin na uku ya miƙe na farko ya sake ɗauka, saboda shimfiɗarsu ɗaya, kofinsu ɗaya, kuma ba yadda za a yi a raba yara uku masu shekara biyu a ɗaki biyu da uwa ɗaya. A hunturun da ya wuce sai da muka yi kusan wata guda ba mu ga daren da kowa ya yi barci har asuba ba.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma na tabbata yana faruwa a gidaje da yawa, shi ne kuskuren da ni da kaina na tafka a daminar bara. Ɗaya daga cikin 'yan ukun ya tashi da zazzaɓi, aka yi masa gwajin jini a yatsa, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba mu Coartem na yara, ƙwaya 6, ana sha ɗaya da safe ɗaya da dare har kwana 3. Washegari sauran biyun suka tashi da jiki zafi rau. Wata ya yi nisa, aljihu babu nauyi, sai na ce wa mahaifiyarsu ai ciwon ɗaya ne, a raba musu abin da ya rage. Zazzaɓin ya lafa kwana biyu, sannan ya dawo wa na farkon da ƙarfin da ya fi na da, har ya daina karɓar ruwa, muka kwashe su gaba ɗaya zuwa asibiti da tsakar dare. A can ne aka gwada kowa, aka gano biyu ne ke da zazzaɓin cizon sauro, ta ukun kuwa ciwon kunne ne ke damunta, maganin da na ba ta bai da alaƙa da ciwonta ko kaɗan. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ta yi mini bayani cikin natsuwa cewa ƙwaya 6 ɗin nan ma'aunin yaro ɗaya ne mai nauyin da bai kai kilo 15 ba, kuma idan an yanke shi a tsakiya ƙwayar cutar ba ta mutuwa duka, sai ta lafa ta sake tasowa. Kuɗin da na kashe a daren nan ya ninka abin da na yi ƙoƙarin tsiminsa sau da yawa, balle tashin hankalin da na jefa uwar yara a ciki.

Tun daga ranar muka sauya tsari. Muka sayi littafi, kowane yaro da shafinsa, duk maganin da aka ba shi sai an rubuta lokaci, domin uwar da ta kwana uku ba ta runtsa ba tana iya ba yaro ɗaya farasitamol sau biyu ta tsallake ɗan'uwansa, ba don sakaci ba sai don gajiya. Muka kuma fahimci cewa haihuwa rana ɗaya ba ta sa nauyi ya zama ɗaya, namu bakwaini aka haife su, kuma har yau ƙaramarsu ba ta kamo 'yan'uwanta ba, don haka ma'aunin maganinta yakan bambanta. Idan gudawa ta shigo, ruwan gishiri da sukari na cikin leda, wanda ake haɗawa da ruwa mai tsabta, ba ya yankewa a gidan, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, kuma kowane yaro da kofinsa. Mun koyi alamomin da ba a jira da su gari ya waye: yaro ya ƙi sha, ko ya riƙa amayar da komai, ko jijjiga, ko numfashi da sauri haƙarƙari na lotsawa, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai.

Akwai kuma wadda muka fi zalunta ba tare da mun sani ba, ita ce yayarsu mai shekara shida. Ita ake aike ta ɗauko ruwa, ita ake ɗora wa goyon wanda ya samu sauƙi, ita ake hana zuwa makaranta idan jinya ta yi yawa. A wancan makon na damina ta ce mini kanta na ciwo, na ce ta yi haƙuri ta kwanta, ai ita babba ce. Sai da muka je asibiti da ƙannenta aka taɓa jikinta aka ce a gwada ta, aka same ta da zazzaɓin ita ma. Masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ke bi gida-gida kowane wata a damina suna ba yara ne daga wata 3 zuwa wata 59, ita kuwa ta wuce wannan shekarun, saboda haka gidan sauro kaɗai ne kariyarta, shi ma mun fi kula da na ƙananan. Yarinya 'yar shekara shida yarinya ce, ko da ƙanne nawa Allah ya ba ta, kuma shirun da take yi ba lafiya ba ce, ganin iyaye a ruɗe ne ya koya mata haɗiye kukanta.

Saboda haka ina kira ga masu niyyar taimakon irin waɗannan gidaje da su duba wata hanya. Maimakon kayan da ke ƙarewa kafin arba'in, wanda ya biya wa yaran rajista a hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharsu ya ɗauke wa uba babban dalilin da ke sa shi raba maganin mutum ɗaya gida uku. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko domin masu rauni, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma ya kamata hukumomin jihohi su sa gidajen tagwaye da 'yan uku a gaban layi tun daga ɗakin haihuwa. Ina roƙon ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi, idan uwa ta zo da yara uku ko huɗu, a duba su a jere lokaci ɗaya, a auna nauyin kowa, a rubuta sunan kowane yaro a jikin maganinsa, sannan a tambaye ta ko akwai wani babba da aka baro a gida. Ranar rigakafi ma haka, ko ta ƙyanda ta wata 9 da wata 15 ce, mace ɗaya ba ta iya riƙe yara uku masu kuka bayan allura.

'Yan'uwa da maƙwabta kuwa, abin da muka fi buƙata daga gare su ba ya cin kuɗi. A wani makon jinya wata maƙwabciyarmu ta ɗauki babbar ta kwana biyu a gidanta, ta yi mata kitso, ta raka ta makaranta, ƙanwar mahaifiyata kuma ta zo ta kwana da yaro ɗaya domin uwarsu ta samu barcin awa huɗu a jere, wanda rabonta da shi tun farkon watan.

Wassalam,
Wani uban 'yan uku, daga Funtuwa