Wasiƙa daga Tawa kan aikin lambar yanar ido

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Da fatan sanyin Agadas bai takura muku ba. Mu nan Tawa hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gari.

Ka tambaye ni aikin da aka mayar da ni. Rajistan sashen ido ne a hannuna yanzu, ni ke sa wa kowace cuta lambarta daga kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda muke kira CIM-10. Yanar ido ta fi komai cika mini shafi. Ta tsufa H25 ce. In rauni ne ya kawo ta, ƙaya ko jifa, H26.1. Wadda aka haifi jariri da ita Q12.0, tana can babin nakasar da ake haifar jarirai da ita. Ta ciwon suga kuwa sai an haɗa lamba biyu, ta sugan da H28.0.

Makon jiya aka kawo wata tsohuwa daga wajen Illela, jikanta na gaba riƙe da bakin sanda, ita tana biye. Takardar da aka turo ta da ita ta fito daga ƙullin zanenta duk ta yamutse, kuma kalma ɗaya tak aka rubuta: yana. Ba a faɗi wane ido ba, ba a auna ganinta ba. Wallahi raina ya ɓaci, domin lambar kanta ba ta nuna dama ko hagu, sai mai rubutu ya ƙara OD (idon dama) ko OG (idon hagu) da hannunsa. Na ce, "Inna, wanne ya fi damun ki?" Ta dafa na hagu. Likita ya duba, da wannan idon ko yatsu ba ta iya ƙirgawa. Da aka gwada jininta sai ga suga ya hau, ita ba ta ma sani ba. Aka ɗage aikin cire yanar har sugan ya sauka.

Da na bi takardar yadda ta zo, H26.9 zan sa, wato yanar da ba a fayyace ba, sugan ya ɓace daga rahoton wata da muke aikawa Yamai. Tun ranar, duk takardar da ta zo haka sai na tashi na je na tambayi likita.

Tsohuwar za ta dawo bayan sati biyu, ka sa ta a addu'a. Baba ma da ka ce yana ganin hazo, ka kai shi a auna, kuma ka adana takardar. Ka gaishe shi, ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Amininka na Tawa