Wasiƙa daga Agadez: daren da kunama ta harbi Auta

Agadez, 19 ga Mayu

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya zaman Pune? Inna tana gaishe ka, kullum sai ta tambaye ni ko ka saba da abincin Indiyawa. Ka yi haƙuri da shiruna na kwana biyu, wani abu ne ya same mu, amma Allah ya taƙaita.

Daren Talatar makon jiya kunama ta harbi Auta. Ka san zafin Agadez a wannan wata, ɗaki ba ya shiguwa, duk a tsakar gida muke shimfiɗa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta tashi shan ruwa ba takalmi, sai kawai muka ji ihu. Da na haska tocila na ga abar tana shigewa ƙarƙashin randa: 'yar ƙarama, ruwan ɗorawa, hannuwanta sirara, jelarta kuwa mai kauri.

Kafin ka ce kwabo gida ya cika. Wannan ta ce a ɗaure ƙafar da tsumma, wancan ya ce a tsaga da reza a matse jinin, wata ta kawo kananzir. Ni kaina ban ɗaga hankalina ba da farko, domin mu da muka tashi a Maraɗi abin da muka sani shi ne harbin kunama zafi ne kawai. Ka tuna ranar da ta harbe ka muna ɗibar karan da za mu hura wutar karatun dare? Ka sha kuka, aka yi maka tofi, da safe kana kan allonka. Da wannan tunanin na zauna ina lallashinta.

Ba a yi rabin awa ba yarinya ta canza. Gumi ya jiƙa rigarta sharkaf, yawu yana dalala, ta yi amai sau biyu. Na kama hannunta na ji sanyi ƙalau a cikin wannan zafi, ƙirjinta kuma yana bugawa kamar zai fashe. Mamanta ce ta fizge ta ta goya, ta ce ba ta jiran kowa. Muka tare kabu-kabu sai asibiti.

Kwana biyu muka yi, an sa mata ƙarin ruwa da iskar numfashi. Ma'aikacin jinyar da ya karɓe mu ya ce mini dafin kunamar sahara jijiyoyi yake bi, ya ruɗa su har zuciya ta yi ta aiki fiye da ƙima ta gaji, daga nan huhu ya cika da ruwa. Babba jikinsa yakan ɗauka, amma yaro, dafin ɗaya ne jikin ƙarami. Ya ce ɗauri da tsaga ba sa hana dafin tafiya, rauni kawai suke ƙarawa. Abin yi shi ne a wanke wurin, a ɗora abu mai sanyi, a yi addu'a ana tafe a hanya.

A gadon da ke kusa da namu akwai wani yaro da bai wuce shekara shida ba. Daga daji aka kawo shi, tun la'asar kunama ta harbe shi ba su sami mota ba sai tsakar dare. Kumfa ce ke fita ta bakinsa. Kafin kiran asalatu ya cika. Mahaifinsa ya naɗe shi a rawaninsa ya fita da shi bai ce uffan ba. Wallahi har yau in na rufe ido sai na ga wannan rawani.

Tun da muka dawo nake bincike a waya. Ashe a duniya ana ƙiyasta harbin kunama miliyan 1.2 a shekara, fiye da mutum 3,000 kuma suna rasuwa, yawancinsu yara. A Nuwamban 2021 ruwan sama ya koro kunamu cikin gidaje a Aswan ta Masar, suka harbi sama da mutum 500. Kuma duwu, baƙar nan ƙatuwa da muke tsoro, ba ita ce mai kisa ba, ƙananan nan masu kaurin jela su ne abin gudu. Abin da ke ci mini rai, maciji ana maganarsa a rediyo, amma kunama ta zama kamar wani haraji da muke biya da 'ya'yanmu duk bazara, a ce ƙaddara a wuce. Ƙaddara gaskiya ce, amma rashin mota da rashin maganin dafi a ƙananan asibitocin karkara aikin mutane ne.

Ga dalilin da ya sa na matsu in rubuto maka. A jihar da kake, Maharashtra, akwai wani likita a garin Mahad mai suna Himmatrao Bawaskar. Ya ga jar kunamar ƙasarsu tana kashe yaran ƙauye, ya gwada musu prazosin, maganin hawan jini mai araha, mace-macen suka ragu ƙwarai. Ya buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet a 1986, gwamnatin Indiya ta ba shi lambar yabo ta Padma Shri a 2022. Kai da kake karatun haɗa magunguna, don Allah ka tambayi malamanka yadda suke amfani da shi ga yara, ka samo mini rubutun in kai wa ma'aikacin nan da ya tsaya a kan Auta. Ba don mu sha a gida ba, aikin likita ne, amma ina so ya isa hannun masu shi.

A gida kuwa mun kwashe tarin bulo da itacen da ke jikin katanga, na liƙe tsagogin bango da siminti, na sayo gadajen ƙarfe biyu da gidan sauro. Kowa sai ya kakkaɓe takalminsa da shimfiɗarsa. Na yi wa limaminmu magana, ya ce zai ja hankalin jama'a bayan sallar Juma'a.

Auta ta warware, jiya har ta fita wasa, sai dai ba ta yarda ta matsa kusa da randa. Ta ce in gaya maka, kai Baffa, kada ka manta da awarwaron da ka yi mata alkawari.

Ina jiran amsarka.

Naka,
Amininka